Manomin da Ya Ɗauki Gilashi Ya Bar Akwati

Ranar Talata ce, cikin watan Agusta. Ruwa yana zuba tun safe, ba iska, ba tsawa.

Akwai wani manomi a wani gari na bakin kogi. Matarsa ta rasu. Ɗansa guda ne, Yunana, yana aiki a wani birni mai nisa. Mutanen gari suna kiran manomin Baban Yunana. Shi kaɗai yake zaune a gidan, sai awakinsa.

Kafin Yunana ya tafi, ya bar wa mahaifinsa kwamfuta irin ta kan tebur, ya haɗa mata sola. Abu biyu ne, gilashi a bisa tebur da wani baƙin akwati a ƙarƙashi, waya ta haɗa su. A cikin kwamfutar ya zuba hotunan mahaifiyarsa, da muryarta tana rera wata waƙar godiya da ita da kanta ta tsara wa zumuntar mata. Da wayarsa ya ɗauki muryar tun tana da rai. Wayar ta lalace daga baya. Saboda haka ba inda muryar matar nan ta rage a duniya sai cikin kwamfutar.

Yunana ya nuna masa inda zai danna. Manomin bai tambayi abin da ya wuce haka ba. Kowace Lahadi bayan sujada yakan zauna, ya kunna, fuskar matarsa ta fito a gilashin, muryarta ma daga nan take fitowa. Yakan goge gilashin da ƙyalle mai taushi, ya rufe shi da zane saboda ƙura. Akwatin kuwa, a ganinsa, abin jawo wuta ne kawai. Yana ƙugi, yana zafi. Da babban yatsan ƙafa yake kunna shi, in ƙafar ta gaji kuma a kansa yake ɗora ta.

A ranar Talatar nan mai unguwa ya sa aka yi shela. Kogi ya cika, ruwa mai yawa yana tahowa daga sama. Kowa ya bar gidansa ya hau tudu, makarantar firamare, kafin la'asar.

Manomin bai ruɗe ba. Ba mutum ne mai gaggawa ba. Ya ɗauko takardun gonarsa da katin shaidarsa, ya ƙulle su cikin leda, ya sa a aljihun ciki. Ya ɗauki maganin hawan jininsa. Ya ɗaure irin shuka a buhu. Ya kwance awaki ya haɗa su da garken unguwa. Duk wannan daidai ya yi. Sa'an nan ya shiga ɗaki, ya zare wayoyi, ya naɗe gilashin da bargo, ya ƙara da leda, ya ɗaure da igiya.

Maƙwabcinsa Kefas ya tsaya a ƙofar gida da amalanken shanu.

"Baban Yunana, ka gama, ko sai kogi ya zo ya taya ka ɗauri?"

"Na gama. Kama mini nan."

"Me ka naɗe haka kamar jariri?"

"Maman Yunana ce."

Kefas ya bar wasa. Ya gyara wuri tsakanin buhuna biyu, ya ajiye ƙunshin a hankali. Ya leƙa ɗakin ya ce, "Wancan baƙin akwatin fa? Akwai sauran wuri."

"Bar shi. Ƙugi kawai ya iya. Sa turmin nan a wurin."

Aka sa turmi. Manomin ya ja ƙofa, ya sa kwaɗo, suka tafi. Duk hanya hannunsa yana kan ƙunshin don kada rami ya girgiza shi.

A makarantar aka raba wa mutane azuzuwa. Kowa ya sami lungu ya ajiye kayansa. Wajen yamma labari ya zo cewa ruwa ya shiga gari har ya kai tagogi. Mutane suka yi jugum. Manomin ya ga lokacin jin waƙar godiya ke nan. Ya kwance ƙunshinsa, ya kira Dorkas, 'yar ƙanwarsa, wadda take koyarwa a makarantar.

"Dorkas, kuna da sola a nan. Zo ki sa mini wuta."

Ta jona waya. Gilashin ya yi haske. Wani ɗan rubutu ya fito yana yawo, ya ɓace. Ba fuska, ba murya.

"Kawu, ina akwatin?"

"Wane akwati?"

"Baƙin nan na ƙarƙashin tebur."

"Yana gida. Me za a yi da shi? Ai ga wuta kin sa."

Dorkas ta durƙusa kusa da shi, ta rage murya. "Kawu, shi gilashin nunawa kawai yake yi. Hotunan da waƙar duk suna cikin akwatin."

"A nan nake ganinta kullum."

"A nan kake ganinta, Kawu, amma ba a nan take ba."

 Manomin ya tashi ya fita bakin tudun, inda ake hango gari. Kefas ya bi shi, ya riƙe masa hannun riga.

"Ba inda za ka, Baban Yunana."

"Wa ya ce maka zan je?"

Suna tsaye bangon ɗakinsa ya jiƙe ya zauna, rufin ya bi shi, ruwa ya tafi da abin da ke ciki. Manomin ya koma aji. Ya naɗe gilashin da bargo kamar yadda ya kawo shi, ya zauna.

Ma'anar wannan misali ita ce. Kada kowa ya yi wa mutumin nan dariya. Ba malalaci ba ne, ba kuma marar ƙauna ba ne. Ya ji shela ya yi biyayya, ya fita da ransa, wannan shi ne na fari. Kuskurensa ɗaya ne: bai san inda dukiyarsa take ba. Shekaru abin yana ɗakinsa, bai taɓa cewa, "Yunana, a cikin biyun nan wanne ne yake riƙe da uwarka?" ba. Ranar gudu ba ranar tambaya ba ce. Abin da ba ka sani ba kafin shela, ba za ka koye shi amalanke yana jiranka a ƙofa ba.

In kana da irin kayan nan a gida, ka tambaya yau, tun rana tana waje. Ka san wanne ne za ka ɗauka in an ce hannu ɗaya ya rage maka. Abin da ba shi da na biyu kuma, kada ka bar shi wuri ɗaya. Ka sa a kwafa maka, ka kai ajiya gidan ɗan'uwa da ke kan tudu. Tambaya ba ta rage wa dattijo girma.

Amma ba don kwamfuta na kawo misalin nan ba. Gilashin nan shi ne fuskarka, da rigarka ta Lahadi, da kujerar da kake zama a gaba, da yadda mutane suke gaishe ka. Shi muke gogewa, shi muke rufewa da zane. Baƙin akwatin kuwa zuciyarka ce. Tana ƙasa, ba mai ganinta, har kai ma ka ɗora mata ƙafa. Amma duk abin da ya fito a fuskar, daga can yake zuwa. Mu fuska muke kallo. Ubangiji ciki yake dubawa.

Ruwan nan kuma yana zuwa wa kowa. Wani ciwo ne nasa, wani rashi, wani tsufa, a ƙarshe kuwa kira ɗaya ne ga dukanmu. A ranar nan wani zai iso tudu da sunansa mai kyau naɗe cikin bargo, a sa masa wuta, ya yi haske, a tarar ba komai a ciki. Ku yara, ku fara kula da abin da ke ƙarƙashin tebur tun yanzu. Ku manya, da ku ma nake.

Washegari da safe ruwan sama ya tsaya. Manomin ya wanke fuska, ya tafi bayan makaranta inda matan zumunta suke dama kunu. Ya tsaya gaban wata tsohuwa mai suna Saraya, ƙawar matarsa tun suna 'yan mata.

"Saraya, kina tuna waƙar godiyar nan ta Maman Yunana?"

"Ni da muka tsaya gaba muka rera ta tare? Ina tunawa mana."

"Koya mini."

"Kai? Da wannan muryar taka mai korar awaki?"

"Da ita."

Saraya ta miƙa wa wata ludayin. Manomin ya jawo bencin yara ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji. Ta rera layin farko, ya maimaita, bai yi daidai ba. Ta ce, "Sake." Ya sake.