Tabawa da Rijiyar Birnin Gamzaki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Tabawa, a ƙauyen Tudun Ƙaya. Bayan ƙauyen akwai kufan Birnin Gamzaki. An ce a da birni ne mai ganuwa da ƙofa bakwai, fatake na sauke gishiri da littattafai. Yanzu dai tudu ne, awaki na hawa su sauko.

Tudun Ƙaya ba ruwa. Rijiyarsu ɗaya ta ƙafe, mata sai sun yi tafiyar rabin yini zuwa rafi. Sai mutane suka yi ta tashi, gida bayan gida. Autan Tabawa, Nomau, tela ne a birni. Sai ya aiko cewa da an ga watan azumi zai zo da mota ya ɗauke ta. Ita kuwa ba ta so. Nan aka binne mijinta, kuma ta riga ta ga wuri kusa da shi, mai inuwa.

Ana nan sai ga Dakta Ilu, masanin tarihi daga jami'a, ya zo neman fadar sarkin Gamzaki. Sai ya ɗebi ƙarti ashirin, ya hana su fartanya. Ya ja zare ya yanka tudun gida-gida, ya ba kowa wani ɗan ƙarfe kamar cokali, da buroshi. Ƙasar da aka kwasa ma sai an tankaɗe ta kamar garin tuwo.

Suka yi mako suna tono, sai suka sami tsingaro da duwatsun wuya. Tabawa ta zo ta leƙa.

Ta ce, "Sannu da aiki, Dakta. Fasassun tuluna ne ko?"

Ya ce, "Iya, shekararsu ɗari bakwai!"

"Allah Sarki. To a ina suke cika su?"

Ya ce wannan ba ya cikin tambayoyin bincikensa.

Suka koma wani wuri, sai suka tarar da ramukan marina, har da sauran shuɗin baba a jikinsu. Tabawa ta zo ta leƙa.

Ta ce, "Ɗan nan, da yawu suke rini?"

Ya ce, "Iya, matsa kaɗan, kin taka zare."

Suka koma wuri na uku, sai ga masallacin Juma'a: gindin ginshiƙai sahu tara, da gurbin liman yana duban gabas. Dakta ya yi ta ɗaukar hoto. Tabawa ta ƙirga sahun da sandarta.

Ta ce, "Mutum dubu kowace Juma'a. Duk taimama suke yi?"

Bai ko ɗago kai ba.

Sai Tabawa ta koma gida tana tunani. Ta lura da wani hali na Dakta. In ka faɗa masa abin da hankalinka ya ba ka, ba ya ji. In ka ce kakarka ce ta faɗa, sai ya zaro biro. Ta kuma san wani ɓaure bayan masallacin, wanda ko bazara ba ta sa shi ya kaɗe.

Da safe ta je ta zauna kusa da shi, ta yi ajiyar zuciya.

Ta ce, "Kakata takan ce ƙofar gidan sarki tana gindin ɓauren can."

Kakar Tabawa, Allah Ya jiƙan ta, ba ta taɓa yin wata magana ba sai ta ciwon gwiwa.

Dakta ya zaro biro. Kafin azahar an ja zare. Suka tona, sai ga duwatsu an jera su zagaye. Dakta ya ce hasumiya ce. Suka ci gaba, sai hasumiyar ta yi ta yin ƙasa. Da zurfin ramin ya kai gaba huɗu, ya yarda a kawo shebur. Da ya kai gaba goma sha biyu, wani ƙato ya ɗaga murya daga ciki ya ce, "Ranka ya daɗe, fada ta jiƙe!"

Ruwa ne, garai-garai. Mata suka yi guɗa, suka ruga ɗauko tuluna. Kafin su dawo Dakta ya kewaye wurin da waya, ya kafa allo: kayan tarihi ne, ba a taɓawa.

Ya ce, "Rijiyar nan ta yi shekara ɗari bakwai ba a zura mata guga ba. Ba a kaina za a fara ba."

Saura kwana biyar a ga wata. Tabawa ta tsaya a bakin waya da tulunta.

Ta ce, "Ka yi daidai, Dakta. Ni ma da ƙuruciya na yar da zobe a rijiya. Kowace mace ta taɓa yar da wani abu. Awarwaro, ɗan kunne, tasa. Matan birni guda, shekara da shekaru. Yana nan ƙasa abinsa, ba mai damun sa."

Dakta ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe.

Ya ce, "Sai an kwashe ruwan."

"Ai fa. Aiki ne babba."

"Iya, ko za ki yi wa matan magana su taimaka?"

Ta ce za ta gwada, amma ba ta yi alkawari ba.

Sai mata suka taimaka. Suka ja tun safe har la'asar, ruwa ya ragu. Da gari ya waye sai ya dawo inda yake. Sai suka sake taimakawa. Don kada a ɓata wurin bincike da caɓi, kowace ta riƙa kai nata ruwan gida. Hutun Dakta ya ƙare, ya koma jami'a, ya rubuta cewa ana ci gaba da kwashe ruwa, kuma jama'ar gari sun nuna kishin tarihi ƙwarai.

Ran da aka ga wata sai ga Nomau da mota.

Ya ce, "Inna, ina kayan?"

Ta ce, "Auta, ba ni da sukuni, bincike muke yi. Riƙe min igiyar nan."

Har yau ba a kai ƙasa ba. Waɗanda suka tashi ma sun dawo taya aiki.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare ke nan. In kuka ga mai ilimi ba ya jin ku, kada ku ɗaga murya. Ku duba abin da ke sa shi zaro biro.