Kurege da Dutsen Iyaka

Ga ta nan, ga ta nanku. Sabuwa ce fil, yau ɗin nan da aka fita hutun tara na ɗauko ta a bakin Lantana mai awara, tun daga makaranta nake gudu kar ta zube mini a hanya. Yaya Saratu, ki amsa mana.

"Ta zo mu ji ta, amma ki matsa daga bakin murhu."

To, Kurege ne dai. Gonarsa tana jikin ta Gwaggo Bushiya, ba shinge a tsakani, sai wani dutse ɗan kewayayye a gindin kalgo, shi ne iyaka tun zamanin kakanni. Da damina ta faɗi, Gwaggo ta shuka gyaɗa. Shi kuwa Kurege ya cinye irinsa tun a hanya, ya ce bana hutu zai ba ƙasa.

Gyaɗar Gwaggo ta nuna. Kurege ya je bakin dutse ya dawo, ya je ya dawo, ya je, bai dawo ba. Ya tona, ya ci, ya cika kumatu, ya ga wani ɗan tudu a ƙarƙashin ganye, ya ce bari ya zauna ya huta. Ashe Gwaggo ce ta dunƙule tana gadi. Ihun da ya yi har bakin rafi aka ji shi.

Ita kuwa ko zaginsa ba ta yi ba, ta kakkaɓe zaninta ta wuce gaban alƙali, Malam Gauraka. A garin nan kuwa, wanda ya shiga gonar wani ba izini kafin a cire amfani, wutsiyarsa ake yankewa. Ƙaguwa ne mai yankan, da almakashinsa biyu. Ku kuma kun san Kurege da wutsiya, kullum sai ya taje ta sau uku kafin ya fito.

Aka zo gaban shari'a, alƙali ya ce kowa ya zauna. Kurege ya ce shi tarbiyyarsa ba ta bar shi ya zauna gaban manya ba. Ƙayoyi ne fa har bakwai a mazaunansa. Ya tsaya kan wannan ƙafa, ya koma kan waccan, ya ce gyaɗa kam ya ci, zama kam ya yi, amma duk a cikin gonarsa. In ma laifin shiga ne, a tambayi Gwaggo me ya kai ta kwanciya a ƙarƙashinsa.

Alƙali ya ce magana ba ta tsawo ba ce, ranar Alhamis za a je a duba dutse.

Kurege ya kasa ci, ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya shiga rami ya fito, ya taɓa wutsiya ya ji tana nan, ya sake taɓawa. Ana cikin haka ya hangi Kunkuru yana barci a rana, kai a ciki, ƙafafu a ciki. Ya dube shi, ya dubi dutsen iyaka, ya sake dubansa.

Ya lallaɓa ya ce masa, Baba Kunkuru, akwai wani aiki, ba noma ba ɗauka, zama ne kawai, kuma kullum da ɗanyar gyaɗa mai laushi. Kunkuru ya ce in dai zama ne, shi ya gaje shi. Kurege ya gangara da dutsen gaske ya jefa a wata tsohuwar rijiya, ya shafe bayan Kunkuru da laka, ya kai shi kunya goma cikin gonar Gwaggo ya ajiye.

Alhamis ta yi. Ga alƙali, ga Gwaggo, ga Ƙaguwa a baya yana tafe a karkace yana gwada almakashi, ƙyas ƙyas. Aka duba, ga inda aka tona gyaɗa, ga kuma dutse can gaba da wurin. Gwaggo ta rantse a gindin kalgo ta bar shi, a nan uwarta ma ta bar shi.

Kurege ya ce, "Allah gafarta Malam, ni yaro ne, ban san komai ba. Dutse yana tafiya?"

Alƙali ya ƙwanƙwasa dutsen da baki, ya hau kansa ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ya sauko ya ce dutse ba ya tafiya, inda yake nan ne iyaka, Kurege ba shi da laifi.

Da a ce ya yi godiya ya tafi ai shi ke nan. Ina. Ya ce a ƙara a cikin hukunci, duk wanda ya sa hannu ya taɓa dutsen nan shi ma a yanke masa wutsiya, don akwai masu son zuciya a unguwar. Alƙali ya ce an ƙara. Gwaggo ta waiga ta dubi tata wutsiyar, wadda ko wurin kamawa babu, ta tafi gida.

Kurege ya kwashe kunya goman nan tas, ya cika raminsa har baki. Ya ɗebo wata ya zo ya jingina da Kunkuru yana ɓarewa, yana zuba masa ɓawon a baya. Kunkuru ya leƙo da kai a hankali ya ce, ɗana, ina nawa?

Kurege ya ce, "Mayar da kanka, Baba. A ina ka taɓa jin dutse ya ci gyaɗa?"

Kunkuru ya mayar da kai.

Washegari Kurege ya fito ya hangi dutse a gindin kalgo. Ya ce ba komai, ai an riga an kwashe. Rana ta biyu ya gan shi a tsakiyar gonarsa. Ya je ya yi masa faɗa, dutse bai tanka ba. Ya ɗaga hannu zai tura shi, ya tuna, ya mayar da hannun cikin hammata. Rana ta uku da hantsi yana kwance a kan gyaɗa ya ji sallama. Ya leƙo, ga alƙali, ga Gwaggo, ga ƙyas ƙyas. Dutse kuwa ya wuce, yana can bayan gidansa a zaune.

Gwaggo ta ce ga shi nan, Malam, wancan karon shiga ya yi, wannan karon har gida ya haƙa a gonarta, har da shimfiɗa.

Kurege ya yi tsalle ya ce sharri ne, dutsen nan tafiya ya yi.

Alƙali ya ce, "Dutse yana tafiya?"

Yaya, kin ga inda ya maƙale? In ya ce Kunkuru ne, laifin farko ya dawo, wutsiya ta tafi. In ya ce dutse ne, yana cikin gonar mutane, wutsiya ta tafi. Can ya ce shi dai bai shiga gonar kowa ba, yana barcinsa gona ta shigo masa.

Alƙali ya ce wannan hujja bai taɓa jin irinta ba, zai je ya yi azahar ya yi tunani a kanta. Amma in ya dawo ya tarar da ko gashin Kurege ɗaya a gefen Gwaggo, Ƙaguwa ya yi aikinsa.

Kurege ya durƙusa gaban Kunkuru. Baba, Baban kowa, mai haƙuri, mai kyan baya. Shiru. Ya ruga ciki ya ɗauko gyaɗa ɗaya, ya ɓare, ya ajiye a gabansa. Kai ya leƙo, ya cinye, ya yi taku ɗaya, ya koma. Ya kawo biyu a haɗe don a yi sauri, aka cinye, aka yi taku ɗaya. Gwaggo tana zaune tana tsifar kai, ta ce ita idonta ya yi rauni, ba ta ganin komai.

Ya shiga ya fito, ya ɓare, ya ajiye. Ya shiga ya fito, ya ɓare, ya ajiye, yana duban rana, yana duban almakashi. Ya roƙi Kunkuru ya riƙa haɗiyewa, Kunkuru ya ce shi ba shi da haƙori, dole ya bi a sannu. Gyaɗar kunya goma ta ƙare ƙaf, har wadda ya ɓoye a kumatu ya tofo. Dutse ya zagayo ya tsaya daidai bakin ramin, ya yi gyatsa.

Sai ga inuwar alƙali. Kurege ya faɗa rami da ka, wutsiya ta rage a waje. Ƙyas! Ya fizge, Ƙaguwa ya tashi da 'yan gashi uku.

Alƙali ya leƙa ya ce, to, ɗakin naka ne, wutsiyar taka ce, amma daga bakin ƙofa zuwa gaba duk na Gwaggo ne. Ya sunkuya ya gyara rawaninsa, ya ce wa dutse a hankali, "Sannu da aiki, Baba."

Shi ya sa har yau in kurege zai fito, sai ya miƙe tsaye a bakin rami, ya dubi nan, ya dubi can, sannan ya zura da gudu da wutsiya a sama. A gonar mutane yake.

Ƙurunƙus, kan gashin wutsiya uku. Lantana ta ce darasin shi ne, in ka ɗauki dutse aiki, ka ba shi abinci. Ni ma tun safe nake zaune a aji kamar dutse, Yaya, a zuba mini tuwon nan kar in fara tafiya.