Gizo da Dangar Kara

"Ga ta nan, ga ta nanku!"

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

"To, a daina mutsu-mutsu."

Gizo ne ya shuka gero, Tsutsa ta shige cikin kara ta yi ta ci. Da kaka ta yi, abin da aka kai rumbu bai wahalar da jaki ba. Matarsa Ƙoƙi ta leƙa ta ce, "Malam, in baɗi ma haka ne, tuwo sai a gidan maƙwabta."

Gizo ya ruga gona. "Ke Tsutsa! Ban da gero me kike ci?"

"Ni? Tun kakanni gero muka sani. Dawa ko warinta ba na so."

Gizo ya daka tsalle. Baɗi sai dawa! Ƙoƙi ta ce, "A ƙone tsohon karan tukuna."

"In ƙone kara, ga awaki na yawo? Danga zan yi."

Ya kewaye gona tsaf. Ashe 'ya'yan Tsutsa na cikin karan suna barcin rani.

Ruwa ya sauka, suka farka, ba gero. Suka ɗanɗani dawa, ciki ya murɗa, suka yi ta mutuwa. Ɗaya ta ce, "Ba daɗi, amma ta fi yunwa." Ta rayu, ta hayayyafa, 'ya'yanta kuwa da bakin dawa aka haife su.

Gizo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Sai masara!

"Malam, a ƙone."

"Danga!"

Tsutsotsi suka mutu, ɗaya ta saura, masara ta bi dawa.

Gizo ya ce, "Na bar musu tudun!" Ya gangara fadama zai dasa rake. Ƙoƙi ta ga ya ɗauko damin kara a ka, sai ta tafi neman tafasa.

Rake ya yi kyau, na ɗan lokaci. Gizo ya karya sanda guda, sai ga wata tsutsa ɓul-ɓul ta leƙo.

"Ke! Kakarki ta ce gero kawai kuke ci!"

"Gaskiya ta faɗa, Baba Gizo, a zamaninta. Allah ya saka da alheri, kai ne ɗaki, kai ne jaki. Me za a shuka mana baɗi?"

Shekarar nan Gizo ya koyi cin tafasa. Shi ma da farko cikinsa ya murɗa.

"To kun ji, jikoki. Yunwa ba ta san gado ba. Wanda kuma ya sauya iri bai sauya hali ba, da kansa yake dakon ɓarawonsa. Ƙurungus kan kusu! Kowa ya nemi tabarmarsa."