Na'urar da Ta Ce a Kori Marina

An ce wani sarki aka yi wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya zauna ya miƙe, ya leƙa waje, ya aika a kira Waziri, Waziri na isowa ya ce ya koma. Abin da ke cin sa, sata ce ta yi yawa a gari. Sai wasu baƙi suka kawo masa wata na'ura, wai in aka ɗura mata labarin duk wanda dogarai suka taɓa kamawa, za ta faɗi inda ɓarawon gobe zai fito. Na san irinta, na taɓa yin gardama da ƙanwarta har ta ɗau zafi, amma bar wannan.

Aka ɗura mata. Ta yi ƙugi, ta ce Unguwar Marina. Aka sake tambaya, Marina dai. Sarki ya ce to, masu rini su kwashe kayansu su bar masa gari kafin kasuwa ta ci.

Sai ga wani tsohon malamin unguwar, Malam Barmo, yana dogara sanda. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ya sarki, masunci ne kullum a tafki ɗaya yake jefa komarsa. In aka tambaye shi ina kifi yake, me zai ce?"

"Tafkinsa mana! Malam, yi sauri."

"Ranka ya daɗe, dogaranka a ina suke yini?"

Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya dubi rufin soro. Ashe a bakin marina akwai wata tsamiya mai inuwa, ga mai fura a gindinta. Nan dogarai ke baje ƙafafu tun hantsi, wanda duk ya gitta da akuya su damƙe shi.

Malam ya ce, "Ya sarki, a dawo da su ƙofar fada na ɗan lokaci, sannan a sake tambayar na'urar. In ta ce Marina, ni zan fara naɗe tabarmata."

Aka yi haka. Kai! Dogarai ga rana, ga ba fura, haushi ya sa suka buɗe ido. Suka kama mai tsaron rumbun sarki da dawa cike da wando. Suka kama ɗan Waziri da sirdin wani. Aka ɗura wa na'ura, ta yi ƙugi, ta ce Unguwar Fada.

Malam Barmo ya gyara murya. "Ya sarki, hukuncin nan yana nan dai ko? In turo yaran marina su taya ka ɗaure kaya?"

Gumi ya karyo wa sarki har cikin rawani. Ya ce marina su zauna a gidajensu, ya ba su haƙuri a gaban jama'a, sannan ya juya ga Waziri.

"Daga yau, kafin mai hukunci ya tambayi wa aka kama, ya fara tambayar inda ba a duba ba."