Tsutsar da Jatau Ya Kiwata

An yi wani mutum a zamanin En'e, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu. Sunansa Nomau, aikinsa duba-gari. Na ga samarin sahun baya suna kallon juna. To, ku je ku tambayi kakanninku. Duba-gari ma'aikacin hukuma ne mai kula da tsaftar gari. Ya duba kwatami, ya duba masai, ya duba naman mahauta, ya bi gida-gida da farin ludayinsa na ƙarfe yana tsomawa a randa. In ya ɗago ya ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil a ciki, maigida ya shiga uku, sai sammaci, sai gaban alƙali.

Nomau yana da abokin aiki ana ce masa Jatau. Rana ɗaya aka ɗauke su, tare aka koya musu aikin, kuma Jatau ya fi shi kai, wannan kowa ya sani. Ya fi shi tsayi, ya fi shi iya guga, kakinsa kullum a tsaye kamar ba a zama da shi. Amma in Jatau ya doshi unguwa, sai ka ji an ɗauka, "Ga duba-gari! Ga duba-gari!" Sai ƙarar ruwa ta ko'ina, mata suna tuntsurar da randuna tun bai yi sallama ba. Ruwan da aka sha wuya aka ɗebo, a malalar da shi a tsakar gida don tsoro.

Shi kuwa Nomau, in ya sami tsutsa sai ya kira matar gida ya nuna mata a ludayi. Ya ce, "Kin ga wannan? Ita ce sauron jibi, ita ce zazzaɓin ɗanki." Ya naɗe hannun riga a wanke randar tare da shi, ya ce zai dawo ran Juma'a. In ya dawo ya sake gani, to sammaci, ba ya ɗaga ƙafa. Kada wani ya ce sakaci yake da aiki. Kawunsa mahauci ne, ya taɓa yanka saniya marar lafiya, Nomau da hannunsa ya sa aka binne naman, kawun ya yi shekara ba ya amsa gaisuwarsa.

Ku saurara, nan ciwon ya fara. Wata rana suna tafe tare sai wata tsohuwa ta leƙo ta kan danga ta ce, "Malam Nomau, kada ka wuce ni. Zo ka duba mini randar nan, idona ya daina gani." Jatau yana tsaye, da hularsa, da kakinsa, tsohuwar ko kallon inda yake ba ta yi ba. Wallahi abin ya soke shi. Shekara nawa yana aikin nan, ba wanda ya taɓa kiransa ya shigo.

Ya koma gida aka kawo tuwo, ya kai loma biyu ya ture. Matarsa Tabawa ta ce, "Malam, wai me Nomau ya yi maka ne? Kullum Nomau, kullum Nomau."

Ya ce, "Bai yi mini komai ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ya zage ni da na san abin da zan riƙe."

Kun ji hassada ko? Ba ta jiran a yi mata laifi. In aka gaishe da Nomau a kasuwa, Jatau ya ji kamar an rage masa wani abu. In malamin asibiti ya ce unguwannin Nomau sun fi ƙarancin zazzaɓi, Jatau ya wuni fuska a ɗaure. Yara ba sa ciwo, shi kuma ransa a ɓace! Subhanallahi.

Ana nan sai shugabansu, Wakilin Tsafta, ya tara su. Ya ce za a naɗa babban duba-gari a cikinsu nan da mako biyu. Ya ce amma kafin nan shi da kansa zai zagaya gidajen ma'aikata, kowa ya duba randar ɗan'uwansa a gabansa. Ya ce, "Wanda aka sami tsutsa a gidansa ya ajiye hula. Ba zan aika mai ƙazamin gida ya je yana yi wa talakawa sammaci ba." Kowa ya san Nomau za a ba. Jatau ma ya sani, shi ya sa ya fito daga ofis kunnuwansa suna shuuu.

Sai Shaiɗan ya zo masa ta inda ya ƙware. Lokacin damina ne. Ya sami wani tsohon kasko ya kai bayan rumbunsa, ya zuba ruwa ya bari. Mutumin da hukuma ta ɗauka ya kashe tsutsa, shi ne ya zauna yana kiwonta, yana leƙawa safe da yamma kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Da ta yi ƙwari ya ɗibi kaɗan a wata 'yar kwalbar turare ya sa a aljihu, ya rufe kaskon da faifai. Ya ce a ransa, bari in bar sauran, ko wani zai sake tasowa. Ni da na san aikin, ai na rufe, ba inda za su fita.

Ranar zagaye ta zo. Aka isa gidan Nomau, aka yi sallama, matarsa Tasalla ta yafa mayafi ta koma bakin ɗaki. Wakili ya ce, "Jatau, bisimilla." Jatau ya duƙa kan randa ya ba su baya, ya tsiyaye kwalbar a ludayi, ya tsoma, ya ɗago. Ga su nan, manya-manya, suna rawa a farin ludayi.

Tasalla ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ranka ya daɗe, ruwan yau ne! Da safen nan na wanke randar!"

Wakili ya dubi Nomau ya ce, "Me za ka ce?"

Jatau ya tsargu, don ya san ko wane duba-gari ya san tsutsa mai girman nan ba ta ruwan kwana ɗaya ba ce. Nomau ya dubi ludayin, ya dubi Jatau, kallo ɗaya tak. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ta faɗa, a gabana aka wanke randar. Tsutsa kuma ga ta a ludayi, ba zan ce babu ba. Yadda aka yi ta shiga, ban gani ba, kuma abin da ban gani ba ba zan ɗora wa kowa ba."

Wakili jikinsa ya ba shi akwai wata a ƙasa. Amma shi ya kafa dokar a gaban mutane, kuma ba shi da shaida. Ya miƙa hannu, Nomau ya cire hula ya ba shi, ya haɗa da ludayin. Aka naɗa Jatau babban duba-gari.

To, kuna tsammani ya huta? Ina! Nomau ya koma gonarsa. Ya sha gori, har a bakin masallaci ana cewa, "Ashe mai leƙa randar mutane tasa ta fi ta kowa." Ya haɗiye, bai taɓa buɗe baki ya kama sunan Jatau ba. Amma tsofaffin nan ba su daina kiransa ba. In ya taso daga gona sai a ce ya biyo, ya duba musu da ludayin duma na shan fura. Labari ya kai wa Jatau, ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. An ba shi hula, an ba shi kujera, amma abin da yake so yana nan wajen Nomau, kuma ba a ƙwace shi da takarda.

Kaskon nan kuwa, tun da ya dawo ya yar da kwalbar a gefensa, bai ƙara komawa ta kansa ba, ba ya son ganinsa. Ruwan sama ya yi ta sauka, faifai ya ruɓe ya huje. Bayan wata guda da 'yan kwanaki zazzaɓi ya sauka a unguwar. Ya kama yaran maƙwabta, ya kama 'yar Jatau, Asabe, 'yar shekara huɗu, jiki kamar wuta, har tana sanƙarewa. Malamin asibiti ya ba da magani ya kai rahoto. Wakilin Tsafta ya aiko cewa gobe da hantsi zai zo da kansa ya bi unguwar gida-gida.

A ranar, bayan azahar, sai ga sallama a zauren Jatau. Nomau ne, da rigar gona, ya zo dubiya. Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, farka, wannan wurin naka ne. Suna zaune yana tambayar jikin yarinya, sai ya kai wa ƙafarsa mari. Ya duba tafin hannunsa, ya ce, "Jatau, sauro da rana tsaka haka? Akwai ruwa kwance a kusa. Ka yi mini izini in zagaya."

Jatau ya kasa cewa a'a. Nomau ya duba randa, lafiya lau. Ya duba makwarara, ya duba bayan ɗaki, Jatau yana biye da shi. Sai bayan rumbu. Nomau ya ɗaga ruɓaɓɓen faifan, sauro ya tashi buuu. Ruwan ya yi baƙi da tsutsa. Gefen kaskon kuma ga 'yar kwalbar turare a yashe, da sauran ruwa a cikinta. Duba-gari ba ya ajiye kasko a rufe a bayan rumbu bisa kuskure. Nomau ya daɗe yana kallon kwalbar.

Jatau ya ce, "Ka gani. Ni ne. Bar shi yadda yake, gobe Wakili zai zo ya gani da idonsa. Hularka za ta dawo, sunanka zai wanku."

Ga shaida a gabansa, jama'a. Kwana ɗaya kawai zai jira. Matarsa da aka yi wa kallon ƙazama za ta ɗaga kai a cikin mata. Nomau ya tsuguna ya ƙura wa ruwan ido, ya ce, "Ka ga waɗannan masu dunƙulallen kai? Ai ka san su. Kafin gobe sun yi fiffike. Kuma akwai jarirai a bayan katangar nan."

Ya ciccibi kaskon ya kai inda rana ke duka, ya kife shi a kan yashi, ya sa dutse ya farfasa. Ya ɗauki kwalbar ya jefa a masai. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Je ka wajen 'yarka, ka riƙa jiƙa mata jiki. Allah ya ba ta lafiya." Ya fita.

Yanzu ku saurara da kyau, don da bakinsa Jatau ya ba da wannan bayan ya tsufa. Ya ce abin da ya fara zuwa zuciyarsa a lokacin ba godiya ba ce, ba kunya ba ce. Cewa ya yi a ransa, ko a nan ma ya fi ni. 'Yarsa tana kwance rai a hannun Allah, mutumin da ya zalunta ya rufa masa asiri, shi kuma yana jin haushin an fi shi kirki! Ya ce a nan tsoro ya kama shi, don ya gane ko duk garin aka ba shi ba zai warke ba.

Washegari Wakili ya zo da mai unguwa da jama'a. Ya zagaya gidan Jatau bai ga ko ɗigon ruwa a kwance ba. Ya juya ga mutane ya ce, "Kun ga gidan babban duba-gari? Haka ake so." Yabon da Jatau ya yi shekaru yana nema, ga shi an yi masa a bainar jama'a, amma ya kasa ɗauka. Ya cire hular ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na gyara gidan nan ba." Ya faɗi komai, tun daga kasko har kwalba.

Aka kore shi, aka mayar da Nomau. Asabe ta tashi, Allah ya yi da sauran kwananta. Amma jaririn maƙwabcinsa na bayan katanga bai tashi ba, kwana uku bayan nan aka kai shi makwancinsa. Ba wanda zai iya cewa ga sauron da ya cije shi, ajali na Allah ne. Nomau ya yafe, ya faɗa a gaban mutane ya yafe. Amma Jatau har ya mutu, in ya haɗu da uban yaron nan a hanya, ba ya iya ɗaga ido.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Mai hassada yana tsammanin mutum ɗaya yake hari. Ƙarya ne. In ka ture mutumin kirki daga aikin jama'a don kana jin zafinsa, ba shi kaɗai ka cuta ba, ka cuci duk wanda yake amfana da shi, har da na cikin gidanka. Kuma bawan Allah na gaskiya shi ne wanda lafiyar 'ya'yan mutane ta fi masa wanke sunansa.

A cikinku akwai ma'aikatan ƙaramar hukuma, ina ganin ku, ba sai na nuna ba. Akwai wanda aka ba duba asibiti, akwai wanda aka ba kwashe shara, akwai mai kula da rijiyar burtsatse. Abokin aikinka mutane suna sonsa, kai ba sa kiranka. Maimakon ka tambayi kanka me yake yi da ba ka yi, sai ka shiga rubuta masa takardar ƙorafi ba suna, kana kai gulmarsa wajen shugaba. Ka ji tsoron Allah, wannan kujerar amanar rayuka ce. Ku kuma sauran, in ma'aikacin lafiya na kirki ya zo unguwarku, ku buɗe masa ƙofa, in an yi masa ƙazafi kada ku taya yaɗawa.

Kowa in ya koma gida yau ya yi abu biyu. Ya zagaya ya zubar da duk ruwan da ke kwance, damina ce. Sannan ya tuna mutumin nan da in an yabe shi yake jin ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kama sunansa ya yi masa addu'ar alheri, ko da harshen yana ƙi.

Allah ka wanke mana zukata daga ƙyashin bayinka, ka ba yaranmu lafiya, ka sa waɗanda ke riƙe da amanarmu su riƙe ta da tsoronka. Ku ce amin, a tashi a gyara sahu.