Ranar da Ma'aunin Kogi Ya Rikice

Ku matso kusa, amma ku sani gardama na kawo muku.

A wani gari na bakin kogi an yi 'yan'uwa uku masu rubuta manhajar kwamfuta, kowa da yaren da ya riƙe. Su suka haɗa manhajar da ke karanta ma'aunin ruwan kogi, ta aika wa mutane saƙo a waya in ambaliya ta taso. Kullum cikin faɗa suke.

Balaraba, babbarsu, da Python take aiki. Layukanta a jere tsaf, kowa na iya karantawa, kuma ba ta barin kuskure ya wuce shiru. In ƙannenta suka ce, "Yaya, manhajarki ta cika ƙorafi," sai ta ce, "Ta yi ta yi. Ba mai rufe mata baki ina raye."

Gambo kuwa ɗan Perl ne. Aikin shafi guda yake cusawa a layi ɗaya, rubutu kamar kaza ta yi tono, shi kansa in ya kwana biyu ba ya gane shi. Iliya, autansu, JavaScript ya iya, bai san jira ba: ya tura aiki ya wuce, amsa ta same shi a gaba. Balaraba ta sha rantsuwa sai ta goge nasu duka.

Wata rana da damina, Innarsu tana fadama da sauran mata suna cirar ciyawa a shinkafa, ruwa ya shiga ma'aunin, ya fara aiko da shirme. Da manhajar ta haɗiye shirmen ta yi shiru, da ba wanda ya motsa. Ɓangaren Balaraba ya ƙi, ya yi ta ƙara. Balaraba ta ji ƙarar, amma ba ta san ko kogin ya cika ba.

Gambo ya ja kujera, ya buga layinsa ɗaya mai muni, ya tato lambar zurfin ruwan daga cikin shirmen. Ruwa ya riga ya haura gaɓa.

Saura saƙo, ga sabis ba ƙarfi. Yadda Balaraba ta saba, ɗaya bayan ɗaya za a tura ana jiran amsa, wayar farko kuwa a kashe take, sauran saƙonnin ba za su tafi ba ke nan. Iliya ya saki saƙonnin gaba ɗaya bai jira kowa ba. Saƙo ya isa wayoyin matan fadama, Inna ta fito da ruwa iya ƙugu, tana jan wata tsohuwa.

Da ruwa ya janye, mai gari ya ce daga yau hannu ɗaya zai riƙe manhajar, sauran biyun su bi salonsa. Balaraba ta daɗe tana kallon layin Gambo da ya ceci uwarta. Har yanzu ba ta iya karanta shi ba, abin ya ƙona mata rai.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na gode musu. Amma wallahi ba zan yi rubutu haka ba."

Gambo da Iliya ma suka ce allambaram, ba za su bar nasu ba.

To, ku da kuka ji, wane ne a cikinsu ya kamata sauran biyun su sunkuya masa?