Abokin da Nazifi Ya Bari a Baya

Akwai wani saurayi ɗan Gaya mai suna Nazifi, wanda Allah ya ba shi kai. Da ya samu bak, wato takardar gama sakandare, sai ya wuce jami'a a Yamai, ya shiga fannin da ake haɗa ilimin ordinatar, wato kwamfuta, da na tafiyar da kasuwanci. In dai rubuta program ne, babu mai kama ƙafarsa a aji. Amma darussan kasuwanci da hulɗa da jama'a ya raina su, yakan ce surutu ne kawai.

Abokinsa Mutari, ɗan Tanda, ba shi da saurin hannu a kan ordinatar, amma Allah ya yi masa haƙurin sauraron mutane.

A shekarar ƙarshe aka haɗa su aikin kammala karatu. Suka shirya yin aplikasiyo, wato manhajar waya, da za ta sada masu kaya da direbobin kamyon da ke zaman jiran lodi a bakin iyakar Gaya.

Mutari ya kwashe hutunsa a tasha, yana shan shayi da direbobi, wani ya yi masa Hausa, wani Dandanci. Ya dawo ya ce wa Nazifi, "Abokina, da yawansu ba sa karatu, saƙon murya suka sani. Kuma suna da layi. Wanda ya riga zuwa shi ke ɗaukar kaya."

Nazifi ya yi dariya. "Wannan ai hira ce ka yiwo, ba bincike ba. Wanda ya riga danna waya shi ke da lodi."

Ana cikin haka mahaifiyar Mutari ta kwanta ciwo, dole ya koma Tanda jinya. Ya kira Nazifi ya ce, "Ka ƙara mini haƙuri. Da Inna ta samu sauƙi zan taho."

Nazifi ya ce to. Amma a zuciyarsa yana ganin shi ke ta fama, wani zai zo ya raba yabo da shi. Sai ya je wurin malaminsu ya ce Mutari bai tsinana komai ba. Aka cire sunan Mutari.

Nazifi ya gabatar da aikin shi kaɗai, aka yi masa tafi. Mutari kuwa shekarar ta wuce shi, aka yanke masa tallafin karatu, mahaifiyarsa ta rasu. Bai koma Yamai ba.

Da Nazifi ya karɓi diplom, takardar kammala karatu, ya dawo Gaya ya samu Alhaji Siddo, dattijon da direbobi ke jin maganarsa, ya nuna masa aplikasiyon a waya. Alhaji ya juya wayar a hannunsa, ya ce, "Ɗana, ina ɗan'uwan naka da ya zauna da mu?"

"Ya bar karatu, Baba. Ni na yi aikin."

Alhaji ya ce a gwada.

Ba a daɗe ba wani direba da ya iso a ranar ya danna waya ya ɗauki lodin albasa, ya bar waɗanda suka fi sati suna jira. Rigima ta tashi a tasha har aka fasa wa mutum kai. Direbobi suka goge aplikasiyon, suka daina amsa sallamar Nazifi.

Sai a lokacin ya hau kabu-kabu ya nufi Tanda. Ya tarar da Mutari a gonar shinkafa, ƙafa cikin taɓo, ya rame ya yi baƙi.

Mutari ya fito ya ba shi hannu, ya kawo masa ruwa. Nazifi ya kasa haɗa ido da shi. Da ƙyar ya ce, "Na zalunce ka. Ka dawo mu gyara, zan je in faɗa wa malam gaskiya."

"Na yafe maka tun tuni," in ji Mutari. "Amma ƙannena huɗu, ni ne uwa ni ne uba. Ba inda zan je."

Ya dubi gonar, ya ƙara da cewa, "Ana gobe Inna za ta rasu ta tambaye ni ko an ba mu takardar. Na ce mata tana hannunka, za ka kawo mini. Ta sa maka albarka."

Nazifi ya zauna a bakin gona ya rufe fuska. Mutari ya jira shi ya natsu, ya raka shi bakin hanya, ya koma cikin shinkafarsa.

Nazifi ya je ya faɗa wa malamin gaskiya, amma shekarar da ta wuce ba ta dawo ba. Yau yana aiki a wani kamfani a Yamai, albashinsa mai kyau. Duk wanda ya yaba masa ilimi, sai ya sunkuyar da kai ya canja magana.

Darasi: Ilimi ba ya amfani in babu girmama mutane, kuma wanda kuka fara tafiya tare kada ka yar da shi ranar da ƙafarsa ta yi rauni. Ana iya yafe maka, amma abin da ka ɓata ba lallai ya gyaru ba. Ku tura wa ɗalibai da abokanku, ko wani zai tsaya ya yi tunani tun da sauran lokaci.